Angon Tofa

Makon jiya labari ya iso mana nan Agege cewa an yi ruwan shuka a gida, ruwa mai kyau wanda ya ratsa ƙasa sosai. Na zauna a kan bencina na ƙofar gida ina jiran in ga samarin da ke kwana a zaurena sun fara ɗaure kaya, amma shiru. Tun da na zo garin nan na kama sana'ar fata a bakin kwata, abin da na saba gani ke nan duk shekara: da an ce ruwa ya sauka a Arewa, ɗan ci-rani ba ya ƙara samun natsuwa. Mai tura baro ya mayar wa mai shi, mai wankin takalmi ya ba wani ajiyar akwatinsa, mai ga-ruwa ya jingine kurarsa, kowa ya nufi tasha, har unguwa ta yi fayau kamar an share ta. Bana kuwa kowa yana nan. Da abin ya ishe ni sai na tare ɗaya daga cikinsu, wani dogon saurayi mai sauke buhunan albasa a kasuwar Ketu, ya fito da sassafe zai tari danfo, motar hayar garin nan.

"Kai ɗan nan, ba za ka gida noma ba ne bana?"

"Baba, ai na yi noman tun shekaranjiya."

"A ina ka yi shi?"

"A waya mana. Na kira ƙanena ya nemo mai feshi. Kafin azahar ya gama gonar duka."

Ya ciro wayar ya nuna mini. Mutum ɗaya ne tak a tsakiyar gona, da jarka goye a bayansa, ya rufe hanci da ƙyalle, yana tafe yana kaɗa sandar feshi hagu da dama. Ba ganga, ba waƙa, ba ko wanda zai ce masa sannu. Ban ce yaron ya yi laifi ba, don na san abin da baya yake ji in mutum ya yini a sunkuye, kuma duk abin da zai rage wa talaka wahala ina murna da shi. Amma na daɗe ina kallon mutumin nan shi kaɗai a cikin gona. Saurayin ya karɓi wayarsa ya ce, "Sai dai Baba, akwai wata 'yar banza a gefen fadamarmu, ko an fesa mata sai ta yi kamar ta mutu, in an kwana biyu ta sake leƙowa." Na ce, "Tofa?" Ya ce, "Ita fa!" Sai na fashe da dariya har da tari. Matata da ke tsakar gida tana jin mu, ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, ka zo inda ya dace. Tambaye shi labarin tofa, ai shi ne angonta." Motarsa ta zo ya tafi bai ji labarin ba, ni kuwa ya bar ni da shi yini guda.

Lokacin da muke tasowa, damina da sautinta take zuwa. Yanzu hon ɗin mota da ihun kwandasta ke tashe ni, a da kuwa maƙerin unguwarmu ne. Kafin gari ya gama wayewa ya fara bugu, ana ta kai masa fartanyu yana gyara musu baki. Daga nan sai luguden mata ya amsa daga gida zuwa gida, ga kwaɗi a kududdufi ba su gama lafawa ba. Mu lashi ɗumamen tuwo a tsaitsaye, kowa ya saɓa fartanyarsa, a kama hanyar gona raɓa tana jiƙa mana ƙafa, ana gaisawa ba a tsayawa. In aka shiga noman firi, wato noman farko bayan shuka ta tsiro, gonar kanta magana take yi. Bakin ƙarfe yana shiga ɗanyar ƙasa, kaf, kaf, ƙamshinta yana tasowa har cikin ƙirji, can gaba wani ya ɗauko waƙa, na gonar maƙwabta ya karɓa masa ba tare da sun ga juna ba. Da hantsi ya yi sai ido ya koma kan hanya, don an san ƙwaryar fura tana tafe. Na sha abubuwa masu sanyi a garin nan, na kwalba da na gwangwani, amma ban taɓa shan abin da ya kai furar nan da ake sha a gindin ɗorawa da ƙasa a hannu ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya san ciyayi kamar yadda mai unguwa ya san mutanensa, wa ke da sauƙin kai, wa ke da taurin kai. Harkiya raguwa ce a wurinsa, sara ɗaya ta kwanta, a kwashe a kai wa awaki. Tafasa ba a ma lissafa ta cikin abokan gaba, mata ke bin bayanmu suna tsinke ganyenta, da yamma a ci kwaɗonta da ƙuli-ƙuli. Balasana kuwa yakan ce munafuka ce, in ka sare ta ka bar ta a kwarin kunya aka yi ɗan yayyafi, gobe ka tarar ta miƙe ta sake kama ƙasa, don haka sai an kwashe ta an fitar bakin gona. Wanda yake sa fuskar tsohon ta canza shi ne ƙuduji. Kyakkyawa ne a ido, da jan furensa mai ɗaukar hankali, alhali a ƙarƙashin ƙasa ya kama saiwar dawa yana tsotse ta. Yakan ce mana, "Kada ku jira furensa. Ku tuge shi tun bai buɗe ido ba, kuma kada wanda ya yar mini da shi a gona." Mukan tara shi a kwando a kai bakin hanya a ƙone. Gonar da ya yi wa yawa sai a ɗauke mata dawa a zuba gyaɗa, da rani a roƙi Fulani su sauka a kai shanu su bar mata taki. Jikokina da aka haifa a nan, masu fara magana da Hausa su ƙarasa da Yarbanci, duk wani kore da ya fito daga ƙasa sunansa ɗaya a wurinsu. Rannan na nuna wa ƙaramarsu tafasa a bakin titin jirgi, na ce mun ci wannan mun ƙoshi, ta yamutsa fuska ta ce, "Haba Kaka, ciyawar gota?" Ban ji haushi ba. Ita ma akwai abin da ta sani wanda ban sani ba.

Tofa kam ban san ta da gaske ba sai shekarar da na ga yarinyar da nake so. 'Yar wani dattijo ce a unguwar gabas, manomi marar yawan magana, wanda in ka yi masa doguwar gaisuwa zai amsa maka da kalma ɗaya. Ita kaɗai ce 'yarsa mace. Mun fahimci juna tun a dandali, ni da ita, ba wanda bai sani ba. Matsalar ita ce baffanta, ƙanen mahaifin nata, mutum mai baki da son a ji shi. Yana da nasa mutumin da yake so a ba, ɗan wani amininsa mai shago a bakin kasuwa, mai sabon keke da ƙararrawa. Ni kuwa ba ni da komai sai fartanya da ƙarfin ƙuruciya. Da mahaifina ya aika neman izini in fara zuwa zance, dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a turo masa yaron gona.

Na same shi a gonarsa ta bakin fadama, damina ta yi tsaka. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi gaba, na bi shi, har muka kai inda dawarsa ta tsaya cak kamar an ja mata layi. Daga nan har bakin rafi tofa ce zalla, ta kai ƙugu, tana sheƙi iska tana kaɗa ta. Ƙasa ce baƙa mai kyau, irin wadda manomi zai kalla ya haɗiyi yawu, amma ba a cin komai a cikinta.

"Ka ga wannan?"

"Na gani, Baba."

"Tun mahaifina yana da rai take nan. Na ba ka ita. Baɗi war haka zan zo da ƙanena mu duba. In ba mu ga tofa ba, ka turo manyanka. In mun gani, shi ma yana da magana, zan saurare shi."

"To, Baba."

Na fito ina murmushi ni kaɗai. A raina na ce, ashe abin ma ciyawa ce.

Sai na kira gayya. Wanda bai ga gayya ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Tun ana gobe Inna da 'yan uwanta suka ɗora manyan tukwane, gidanmu ya cika da hayaƙi da dariyar mata. Da safe samarin garinmu suka fito ƙwansu da kwarkwata, har da na ƙauyen da ke tsallaken rafi, kowa ya ci ɗamara, mai gangar noma yana gaba. Muka jeru kafaɗa da kafaɗa a bakin tofar nan. Ganga ta tashi, maroƙi ya fara kiran kowa da sunan kakansa, ya zuga wannan ya tsokani wancan, sai ka ga ƙato ya yi kururuwa ya faɗa aiki kamar ba zai ƙara gajiya a duniya ba. Ganyen tofa yana da kaifi, ya yi mana zane a hannu da ƙwauri, ba wanda ya kula. Da rana ta take 'yan mata suka ɓullo a jere da ƙwaryar fura a ka, tana cikinsu, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san gayyar wa ake yi ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na ji kamar fartanyar ba ta da nauyi. Kafin la'asar wurin ya zama fili tas, ko tsinke babu. Abokaina suka ɗaga ni sama suna ihu, aka raka ni gida da kiɗa. Ranar na kwanta ina ganin an riga an ɗaura.

Ba a jima ba na koma in duba. Tun daga nesa na hango wurin ya yi kore shar. Ta fito, ta ma fi da kauri, kamar wadda aka yi wa ban ruwa. Na sake nome ta ni kaɗai, ta sake fitowa. Haka muka yi ta yi da ita har damina ta ɗauke. Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe, wani abokina ya ce ai wuta ce maganinta, na bi shawararsa na cinna mata. Ta ci ƙurmus, wuri ya yi baƙi ƙirin, na ce to yau na ga ƙarshenki. Ashe daɗi na yi mata. Ko'ina a daji ya bushe, ita kaɗai ta tsiro a cikin toka, ta kuma fitar da wani farin kai mai laushi kamar auduga, fili guda fari fat, ana hango shi tun daga hanyar kasuwa. Wani mai barkwanci a majalisar ƙofar masallaci ya ce, "Ku je ku gani, amarya ta yi lulluɓi da farin mayafi tana jiran ango." Daga ranar sunana ya ɓace a garin. Yara da manya, Angon Tofa. Baffan yarinyar shi ya fi kowa jin daɗin sunan, in ya hango ni tun daga nesa zai ɗaga hannu ya ce, "Ango, ya amarya?" Mai keken nan kuma in ya zo wucewa ta gabana sai ya kaɗa ƙararrawa, ko ba kowa a hanya.

Lokacin tafiya ci-rani ya zo. A zamanin ba ma cewa Legas, Ikko muke cewa, kuma duk saurayin da ya isa yana son ya gan ta. Abokaina suka shirya, suka zo har ɗakina. Suka ce, "Tsohon nan korar ka ya yi cikin mutunci, kai ne ba ka gane ba. Taso mu tafi, 'yan mata ba su ƙare ba." Maganar ta shige ni, har na wanke 'yan tufafina. Da yamma na je na zauna a bakin filin ina kallon farin kan nan yana rawa a iska. Ina nan zaune sai ga 'yan mata sun dawo daga itace. Ƙawayenta suka yi gaba kaɗan suka tsaya, ita ta tsaya daidai inda nake, ba ta dube ni ba.

"An ce za ka Ikko."

"Ana dai maganar."

"To, Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo ka zo shagonmu ka sayi sabulu."

Sai ta sauke itacen, ta zaro wani reshe mai ƙarfi, ta gangara wajen rafi inda ƙasa ke da sauran danshi, ta yi ta tono har ta jawo wata farar saiwa doguwa mai gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar rake. Ta jefo mini ita a gaba.

"Kakata ta ce in faɗa maka, aski kake ta yi mata, shi ya sa take ƙara kyau. Ranta yana nan ƙasa. Ta ce kowace gaɓa ka bari, uwa ce. A tone ta da rani a shanya wa rana, in ruwa ya sauka a rufe wurin da abin da zai hana ta ganin haske."

"To me ya hana Baba yin haka tuntuni?"

"Na tambaye ta. Ta ce aikin sai wanda ba shi da hankali sosai, ko wanda yake son wani abu sosai." Ta ɗora itacenta a ka, ta gyara gammo. "Ban san wanne ne kai ba."

Washegari abokaina suka hau mota, ni na saɓa galma.

Ban taɓa yin aiki irin na ranin nan ba, kafinsa ko bayansa. Gari ya yi shiru, samari duk sun tafi, daga tsofaffi sai mata sai ni. Da na idar da sallar asuba zan kama hanya. In kafa galma in ɓanɓaro ƙasa, in farfasa hoge, in sa yatsu in tsince saiwar ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan nan ta saƙa kanta kamar tabarma, wata ta bi ta kan wata, in ka ja nan sai ka ga can ya motsa. Wadda ta tsinke sai na bi ta har inda ta ƙare. In tara a kwando in kai kan wani falalen dutse in baza, rana ta gasa ta har ta yi ƙaurin kara, sannan in sa mata wuta. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Yini guda wani lokaci abin da zan gama bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Amma akwai wani daɗi da na samu a wurin wanda ban zata ba. Balbelu suka saba da ni, suna bin bayana suna tsintar tsutsa. Inna takan kawo mini kunun tsamiya da kanta, ta zauna a inuwa tana ba ni labarin yadda mahaifina ya yi ta tuntuɓe a gaban gidansu lokacin da yake neman ta, mu yi ta dariya. Da yamma in waiwaya in ga baƙar ƙasa kwance lumus inda jiya saiwa ce cunkus, sai in ji ƙirjina ya buɗe. Shi ya sa in na ga yaran nan da buhu a ka a Ketu, gumi yana zuba, ba na yarda da masu cewa 'yan zamani ragwaye ne. Wahalar ce ta sauya wuri. Abin da nake tausaya musu kawai, in sun gama sun waiwaya, motar da suka sauke ta tafi, wata ta shigo, ba abin da za su nuna su ce ga aikin hannuna.

Dattijon yakan wuce ta wurin jefi-jefi. Ya tsaya, ya duba, ya ce, "Sannu," ya wuce. Da na matso sama inda ƙasa ta yi tauri kamar dutse, galmata ta fara lanƙwashewa. Wata safiya na zo na tarar da dagi kafe a tsakiyar aikina, dogon ƙarfe mai nauyi wanda hannu ya goge shi har yana ƙyalli. Kowa a garin ya san dagin wane ne. Da ya zo wucewa na durƙusa zan yi godiya, sai ya kau da kai ya ce, "Mantuwa na yi da shi. In ka gama ka kawo mini."

Zafin bazara ya zo ya taimake ni, duk guntun da ya tsere mini ya fito sarari rana ta cinye shi. Na sake bin filin daga farko na juya shi. Sannan hadari ya fara haɗuwa a gabas, 'yan ci-rani suka fara dawowa, wannan da rediyo, wancan da agogon hannu. Abokaina suka zo su yi mini tsiya, suka tsaya a bakin filin suna kallon aikin. Wanda ya ba ni shawarar wuta shi ya fara cire sabuwar rigarsa ya rataye a reshe. Ya ce, "Ango, me za a shuka?" Na ce dankali. Ba ganga a wannan karon, ba maroƙi, amma sun fito. Muka yi kunyoyi manya, muka dasa dankali kusa da kusa, muka zuba kabewa a gefe-gefe. Ƙasar nan da ta shekara da shekaru tana hutawa ta karɓe shi hannu biyu. Kafin yaɗon ya haɗe, kullum da safe ina bin kunya-kunya a sunkuye, duk inda ta leƙo in tone ta har gindi. Kullum tana raguwa. Da ganye ya rufe ƙasa ruf, sai in yi kwanaki ban ga ko ɗaya ba.

Ranar dubawa ta zo. Dattijon ya taho da ƙanensa, mahaifina yana biye, ga 'yan kallo sun tsaya a kan hanya don labari ya riga ya zaga gari. Dattijon ya tuɓe takalmansa a bakin gona kamar yadda ya saba, ya shiga ya ɗan taka kaɗan ta gefen da yaɗon bai yi kauri ba, sai ya tsaya, ya goya hannu a baya. Baffan kuwa ya naɗe hannun riga, ya karɓi sanda, ya shiga aiki. Ya ɗaga wannan yaɗo, ya leƙa ƙarƙashin wancan, ya gangara har bakin rafi ya dawo. Ni ina tsugune a gefe ina bin sandarsa da ido.

"Yaya, taho mu duba ta can ƙasa."

"Duba dai, idonka ya fi nawa. Ni ina nan."

Ya sake zagawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsinci harkiya ya ɗaga, mutane suka ce ba ita ba ce. Ya tsinci wani ɗan tsiron dawa, aka yi masa dariya. Rana ta ɗaga, dattijon yana nan inda yake, ko gyara tsayuwa bai yi ba. Can baffan ya yar da sandar, ya share goshi, ya dube ni, sai shi ma dariya ta ƙwace masa.

"Kai, yaron nan ɗan ƙwal uba ne. Wallahi ya yi aiki. Yaya, ni na janye maganata."

Kan hanya ta kaure da sowa. Mahaifina ya kama hannun baffan suna ta gaisawa kamar yau suka fara haɗuwa, suka juya suka nufi gari, jama'a ta bi su. Na miƙe zan bi, sai na ji dattijon ya ce, "Kai, zo nan." Har yanzu bai motsa ba. Na zo na durƙusa a gabansa. Ya leƙa ya ga ƙanensa ya yi nisa, sannan ya dafa kafaɗata ya ɗaga ƙafarsa ta dama a hankali. Ga ta nan a ƙarƙashi, tofa, sabon tsiro guda ɗaya. Wanda ya san ta ya san sabon tsironta tsini ne da shi kamar allura. Na dubi tafin ƙafarsa na ga jini.

"Maza tone ta har gindi, ka sa a aljihu," ya ce. "Kuma ka ce wa babanka ya turo manya ranar Juma'a."

Bayan kaka aka ɗaura aure, dankalin filin nan aka dafa wa 'yan biki, har aka rasa inda za a kai saura. Dattijon ya yi kwanaki yana ɗingishi a gari. Duk wanda ya tambaye shi me ya same shi, sai ya ce, "Abin gona ne," ya wuce. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.